Kundin aikin ditektan silikon da hasken eksire na rana

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Kaya sun cika, sai shiga aiki. Diyod BPW34 guda goma, amfilifaya TLE2072 guda biyu, rizisto da kafasito, allon da aka buga mini, da batir mai bolt 9. Duka sun tashi a kan naira 41,000, kuma allo da kuɗin kawowa ne suka cinye fiye da rabi. Tsarin na Oliver Keller ne, wanda ya fitar da shi kyauta daga CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, domin ɗalibai su haɗa na'urar gano ƙwayoyin radiyeshan a cikin gwangwani.

Masu tambaya ko zan ga hasken eksire na rana da wannan abu, amsa ita ce a'a, ko da kuwa na hau da shi saman Dala. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun yana can sama, shi ya sa duk wanda ke son auna shi sai ya ɗora ditekta a kan roka ko tauraron ɗan'adam. Ni abin da nake nema biyu ne: in haɗa ƙanen irin ditektan da ake aikawa sama don in san wahalarsa da hannuna, sannan in koyi karanta bayanan da na gaske suke aikowa.

Ga yadda abin yake aiki a taƙaice. Ƙwayar haske ɗaya idan ta faɗa cikin silikon, sai ta fizge elektiron daga mazauninsu, kowane ya bar gurbi. Kowane fizga ɗaya yana cin kimanin eV 3.6 (eV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne, keV kuma eV dubu). Ke nan ƙwaya mai ƙarfin keV 5.9 za ta saki elektiron wajen 1,600. Ka tattara su, ka ƙirga, ka san ƙarfin ƙwayar da ta shigo. A takarda iyakar labarin ke nan. A teburin aiki kuwa, elektiron 1,600 caji ne da bai taka kara ya karya ba, kuma duk wani abu da ke cikin ɗakin yana iya binne shi.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Jiya da misalin ƙarfe 11:34 na dare agogonmu rana ta yi tartsatsi, wato fashewar haske farat ɗaya a fuskarta, mai matakin X6.3. Na sauke awon tauraron GOES-16 da manhajar sunpy, zanena na farko ke nan a wannan aiki. Layin ya miƙe tsaye cikin mintuna kaɗan, sannan ya riƙa sauka a hankali.

Matakan A, B, C, M da X daga wannan awo ake ɗauko su, a zangon angstrom 1 zuwa 8 na tsawon igiyar haske, kowane harafi ninki goma ne na wanda ya gabace shi. Tsofaffin taurarin GOES da bututun iskar gas suke awo, amma daga GOES-16 an koma diyod na silikon. Sai dai su jimillar lantarkin da hasken ya haifar suke aunawa, ba sa tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya. Za su gaya maka girman tartsatsi da kimanin zafinsa. Waɗanne sinadarai ne ke ci a ciki, wannan sai ditektan da ke ware kowace ƙwaya da ƙarfinta, kuma shi ne irin wanda nake son fahimta.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Liƙa kaya da dalma. Na wanke allon da sifirit har sau biyu, domin dattin dalma a gefen babban rizisto yana zama hanyar yoyon lantarki.

Asabar, 2 ga Maris

Na kunna. Fitar amfilifaya tana shiga ramin makirfo na laftop, ana naɗa kamar sauti. Abin da ya fito igiya ce mai kauri tana hawa da sauka, ko alamar bugu babu. Da na ɗora tafin hannu a kan murfin gwangwanin sai igiyar ta lafa, na ɗauke ta dawo. Haske ne ke shiga ta ramin da waya ta fita da kuma ta bakin murfi. BPW34 asalinsa don ganin hasken ido aka ƙera shi, ɗan ƙyallin da ya ratso ta wundo ya ishe shi ya cika ya batse. Baƙin salatif a ciki da waje, da takardar alminiyam a kan diyod, suka kashe maganar.

Masu aikawa sama su ma suna da wannan matsala, tasu ma ta fi muni tunda rana suke kallo kai tsaye, kuma hasken idonta ya ninka na eksire nesa ba kusa ba. Maganinsu siririn faifan beriliyam ne a gaban silikon. Beriliyam lamba 4 ne a jadawalin sinadarai, mara nauyi ƙwarai, yana tare hasken ido ya bar eksire ya wuce. Amma yana karɓar kuɗin ƙofa: ƙwayoyin da ƙarfinsu bai kai keV 1 ba yawancinsu a jikinsa suke ƙarewa. Don haka za ka ga awon irin waɗannan na'urori daga wajen keV 1 yake fara zama abin dogaro. Ƙurar beriliyam guba ce, ba abin da mutum zai yanka a gida ba ne.

Asabar, 9 ga Maris

Hayaniya iri biyu, wato rawar lantarki da ke binne bugun gaske, na rabu da su a makon nan. Ta farko daga cajar laftop take, da an zare ta layi ya kwanta. Ta biyu daga inbata, ko da laftop na kan batirinsa. Dokar aiki daga yau: a kashe inbata, a zare caja, waya ta fita daga ɗaki. Janaretan maƙwabta ma yana taɓa ni ta wata hanya, girgizar teburi na sa gwangwani ya yi ta ba da bugun ƙarya. Na ɗora shi a kan soso.

Litinin, 11 ga Maris

An ɗauki azumi. Aiki ya koma bayan sallar asham.

Asabar, 16 ga Maris

Sati guda ina fama da wani kaɗawa mai sauri da ke tashi haka kawai, ya yi minti ɗaya ko biyu ya ɓace. Na canja batir, na sake dalma a kowace ƙafa, na gajarta wayoyi, shiru. Daga ƙarshe na kai allon wurin wani mai gyaran waya da ke da madubin ƙara girma. Ya karkatar da amfilifayar a ƙarƙashin fitila, ya goga mata sifirit da auduga, sai audugar ta yi baƙi.

"Oga, wannan ai an goge bayanta an sake rubutu. Dubi nan, ga sawun yashi. Allah kaɗai ya san abin da ke ciki."

Ta biyun ma haka, tunda wuri ɗaya na saye su a intanet. Wataƙila wata amfilifaya ce mai arha da ba ta da saurin da tsarin ke bukata. Na yi odar sababbi daga dillalin da aka san shi, naira 13,500 har da kawowa. Mai gyaran ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce dai in zo in nuna masa ranar da gwangwani ya fara magana.

Asabar, 23 ga Maris

Sababbin sun iso, na sa ɗaya, kaɗawar ta tafi.

Gwajin farko da takin fotash, wanda ake sayarwa a shagon kayan noma. A cikin kowane fotasiyam akwai ɗan kaso, wajen 0.012 cikin ɗari, na nau'in fotasiyam-40 mai sakin elektiron masu ƙarfi. Na ƙulla cokali uku a leda na ɗora a kan diyod. Ba taki, bugu ɗaya yakan zo jefi-jefi. Da taki, bugu kaɗan a kowane minti, kowane da siffa ɗaya: faɗawa ƙasa da sauri, dawowa a hankali. Na cire ledar, na mayar, na sake cirewa, lissafin yana bin ta. Ditekta yana aiki. Elektiron ne yake gani, ba eksire ba tukuna.

Laraba, 3 ga Afrilu

Nan gizo ke saƙar. Awon da na ɗauka bayan sahur da wanda na ɗauka da la'asar kamar ba na na'ura ɗaya ba. Da asuba ɗakin yana kan digiri 29, layin hayaniya siriri ne, ƙananan bugu suna fitowa sarai. Da la'asar ma'auni ya nuna 41 a ƙarƙashin kwanon nan, layin ya yi kauri har ya haɗiye ƙananan bugun, sai manya kawai ke leƙowa.

Dalili yana cikin silikon ɗin kansa. Tazarar da elektiron ke tsallakawa kafin ya samu 'yancin yawo eV 1.1 ce kawai, zafi shi kaɗai yana iya tsallakar da wasu ba tare da wani haske ya shigo ba. Wannan yoyo yana ninkawa biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 7 zuwa 8, kuma ba ya zuwa a daidaice, rawar da yake yi ita ce hayaniyar. Na yi lissafi: daga digiri 40 na ɗakina zuwa 35 ƙasa da sifili, inda ake riƙe ditektan XSM na kumbon Chandrayaan-2 na Indiya mai zagaya duniyar wata, tazarar digiri 75 ce, wato ninki biyu sau goma. Yoyonsu ya gaza nawa da kusan sau dubu tun kafin a zo maganar ingancin silikon.

Da can ina ɗaukar na'urar sanyaya da ke jikin waɗannan taurari a matsayin ƙarin gyara. Ashe rabin ditektan ce. Tauraron RHESSI, wanda NASA ta harba a Fabrairun 2002 ya yi aiki har 2018, ditektocin jamaniyam tara ya ɗauka. Tazarar jamaniyam ta fi ta silikon ƙanƙanta, don haka sai da aka haɗa shi da injin sanyaya mai kai su wajen digiri 190 ƙasa da sifili. Ƙwayoyin radiyeshan na sararin samaniya kuma suna lalata tsarin jamaniyam a hankali, har an sha dakatar da awo a ɗumama ditektocin zuwa kusan digiri 100 don su warke, a sake sanyaya su.

Abu na biyu da na gwada yau: tsarin yana da diyod huɗu a jere, na cire uku na bar ɗaya. Bugu ya ragu sosai, amma hayaniya ta faɗi. Kowane diyod ɗan kafasito ne, kuma duk ƙaruwar kafasitans a bakin amfilifaya ƙaruwar hayaniya ce. Faɗi yana kawo kamu, yana kuma kawo ƙara. Wannan ƙulli ne Emilio Gatti da Pavel Rehak suka kwance a farkon shekarun 1980 da ditektan da ake kira SDD. Faifan silikon ne mai faɗi, an zagaye shi da zobba masu bolt daban-daban, suna gangaro da elektiron daga ko'ina zuwa wani ɗan ɗigo a tsakiya, kamar mazurarin mai sayar da man gyaɗa. Amfilifaya ɗigon nan kaɗai take gani. Faɗin yana nan, kafasitans ya zama ɗan mitsitsi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Ba aiki. Allah ya maimaita mana.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Kwanakin hutun na ba wa bayanan MinXSS. Ɗan ƙaramin tauraro ne da ɗalibai da malamai suka haɗa a cibiyar LASP ta Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka. An sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Mayun 2016, ya yi kusan shekara guda kafin ya faɗo ya ƙone. Abin da ya ja ni gare shi: ditektansa, X123 na kamfanin Amptek, kayan kasuwa ne da ake sayar wa masu gwajin ƙarafa da ma'adinai. SDD ne mai kaurin rabin milimita, da tagar beriliyam da faifan sanyaya a ciki. Suka sa masa ƙofa mai rami da bai kai kwatan milimita ba, saboda rana ta yi masa yawa.

Na zana awon 23 ga Yulin 2016, kafin tartsatsin M5.0 da kuma lokacin da ya kai ƙololuwa. Kafin tartsatsi, layin yana gangarowa ya mutu tun bai kai keV 4 ba. A ƙololuwa sai ya miƙe har bayan keV 8, ƙusoshi suka fito a kansa: silikon a wajen 1.9, sulfa a 2.4, kalsiyam a 3.9, sai tudun ƙarfe a 6.7. Wannan na ƙarshe daga ƙarfen da aka tuɓe wa elektiron 24 cikin 26 yake fitowa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai zafi ya haura digiri miliyan 10. Ganinsa kawai shaida ce ta zafin wurin.

Kaifin X123, wato faɗin tudun da yake zana wa ƙwayoyi masu ƙarfi ɗaya, kimanin keV 0.15 ne a 5.9. Iyakar da silikon zai iya, ko da amfilifaya ba ta da hayaniya ko kaɗan, wajen 0.12 ne, saboda yawan elektiron da ƙwaya ke saki ba ya zama daidai kullum. Wato sun kusa taɓa rufi.

Data ta ci naira 6,000 a watan nan.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ranar gwaji da eksire na gaske. Irin waɗannan sinadarai masu fitar da radiyeshan sai da lasisin NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta Najeriya, ake ajiye su, don haka wani tsohon malamina ya haɗa ni da mai kula da ɗakin gwaji a sashensu. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai ƙarfe-55?" Shi ne ma'aunin da kowa ke saita ditektan rana da shi, mai ba da keV 5.9. XSM ma da nasa ya tafi duniyar wata, a jikin wani faifai mai juyawa, lokaci-lokaci a kawo shi gaban ditekta a duba ko awo ya goce.

Dattijon ya juya diyod ɗina a hannu ya ce, "Ɗana, ko akwai, ba zai ratsa robar nan ba, kuma hayaniyarka ta fi shi tsawo. Amerisiyam zan ba ka. Ba ya fita daga ɗakin nan, kuma ni zan ɗora, ni zan ɗauke."

Amerisiyam-241 yana ba da keV 59.5, wato elektiron wajen 16,000. Muka naɗa na minti arba'in a ɗaki mai AC. Bugu ba yawa, amma da na tara su sai ga tudu ya fito a gefen hayaniya. Faɗinsa wajen keV 15 ne. Idan aka kwatanta da 0.15 na MinXSS, na gaza sau ɗari. Duk ƙusoshin da na gani a bayanan rana, daga silikon har ƙarfe, a cikin faɗin tuduna ɗaya za su nutse.

Ƙarancin bugun ma darasi ne. Sashen da ke aiki a diyod ɗina siriri ne ƙwarai, kuma silikon, mai lamba 14, ba ya tare ƙwaya mai ƙarfin keV 60. Ko ɗaya cikin ɗari ba na kamawa, sauran wucewa suke. Shi ya sa masu neman eksire mai ƙarfi, wanda elektiron masu gudu ke fitarwa idan sun daki ƙasan sararin rana, suke komawa ga kadmiyam-telurayid, masu lamba 48 da 52. STIX na kumbon Solar Orbiter, da aka harba a Fabrairun 2020, yana da irinsu 32, yana awo daga keV 4 zuwa 150. Aditya-L1 na Indiya, wanda ya isa mazauninsa a Janairun 2024, ya raba aikin biyu: SoLEXS da silikon don mai laushi, HEL1OS da dangin kadmiyam don mai ƙarfi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Faifan sanyaya na Peltier, da mazubin zafi na tsohuwar kwamfuta da fanka: naira 9,500. Wuta daga batirin mota, domin adafta tana zuba hayaniya. Fankar na girgiza gwangwani, dole a kashe ta lokacin naɗa, don haka minti biyar kawai nake samu kafin zafi ya dawo. Diyod ya sauka zuwa digiri 12, hayaniya ta ragu a fili.

Lahadi, 5 ga Mayu

Iska ta juya, an fara jin laima a gari. Jiya bayan minti goma da kunna sanyi, layin ya yi tsalle ya manne a sama. Na buɗe murfi, ga raɓa ta kwanta a kan diyod da ƙafafun babban rizisto, ƙananan ɗigo suna ƙyalli. Ruwa ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. A watan Maris, da iskar ke bushe, da hakan bai faru ba.

Na busar da allon, na sake wanke shi da sifirit, na bar shi ya kwana. Yanzu gwangwanin yana cikin robar abinci mai murfin roba, da ƙullin silika da na gasa a tanda, ramin waya kuma na toshe da gam. Ditektocin kasuwa irin na MinXSS a rufe suke ruf a cikin ɗan kwanon ƙarfe da aka zuƙe wa iska, sanyi a ciki, raɓa ba ta da hanya. A sama kuma damuwarsu ta koma wani gefe: babu iskar da za ta kwashe zafin da faifan ke turawa baya, sai an bi da shi ta ƙarfe zuwa wani bango da ke fuskantar duhu.

Asabar, 11 ga Mayu

Rukunin tabon rana mai lamba 3664 ya hana kowa barci. X3.9 jiya da safe, X5.8 cikin daren nan, ga guguwar maganaɗisu mai matakin G5, mataki mafi girma, irin wadda rabon da a gani tun 2003. Na bar dalma, ina kan GOES.

Talata, 14 ga Mayu

X8.7 da misalin ƙarfe 5:51 na yamma agogonmu, mafi girma zuwa Mayun 2024 a wannan zagaye na 25 na hawa da saukar ayyukan rana, daga rukunin nan dai yana gab da ɓacewa a gefen rana.

Irin wannan rana ita ce mafi wuya ga ditekta mai ƙirga ɗaya-ɗaya. Tsakanin rana mai lafiya da tartsatsin X akwai ninki dubbai. Ƙwayoyi biyu su shigo kusan tare, amfilifaya ta ɗauke su a matsayin ɗaya mai ƙarfin jimillarsu, biyu masu keV 3 su zama ƙarya mai keV 6, dab da tudun ƙarfe. Na kwaikwayi abin a kwamfuta da siffar buguna, na riƙa ƙara yawan su, na ga tudun ƙarya yana tsirowa a ninki biyu na na gaskiya. XSM yana kare kansa da faifan nan mai juyawa: haske ya yi yawa, ya jawo beriliyam mai kauri ya rufe fuska. DAXSS, magajin MinXSS da ya tashi a kan INSPIRESat-1 a Fabrairun 2022, ƙofa mai zango biyu aka yi masa, ƙaramin rami don ƙwayoyi masu laushi da suka yi yawa, babba mai tacewa don masu ƙarfi da suka yi ƙaranci. A ganina wannan dabara ta fi, tunda ba ta da abin da ke motsi, kuma abin da ke motsi a sama in ya maƙale ba mai zuwa gyara.

Asabar, 18 ga Mayu

Robar da silika sun riƙe, an yi awa guda a digiri 12 ba raɓa.

Kashe kuɗi zuwa yau: naira 70,000 da 'yan kai, ban da batirin mota da na aro.

Mataki na gaba sabon allo ne. JFET, wani tiransista mai ƙarancin hayaniya, zai zauna a gaban amfilifaya, manne da diyod, su sha sanyi tare. Zan koma diyod BPX61, mai kwanon ƙarfe da tagar gilashi da ake iya cirewa, don eksire mai laushi ya samu shiga, sannan in ƙara bolt ɗin da ke kan diyod da batura uku a jere, kafasitans ya ragu. Amerisiyam yana da wasu layuka a keV 26 da kuma wajen 14 da 18. In na ga na 26 ya rabu da hayaniya, allon ya biya kuɗinsa. Ƙiyasin kaya naira 55,000, odar za ta tafi ƙarshen wata in albashi ya shigo. Dattijon ɗakin gwaji ya ce in dawo bayan jarrabawar ɗalibai, in kuma zo da ma'aunin zafi a manne da diyod, don a rubuta digiri a gefen kowane awo.